Sauyin Yanayi: Talaka Da Ɗan Makaranta Sun Nuna Hanya

Kowace shekara da zarar damina ta faɗi, sai a shiga shelar bikin dashen itatuwa a manyan garuruwanmu. A kafa rumfuna, a jera kujeru, a kwaso 'yan makaranta su tsaya cikin rana. Can sai babban baƙo ya iso da jiniya, ya dasa tsiro guda, a miƙa masa buta ya zuba ruwa, a ɗauki hoto, a watse. Kafin bazara ta zagayo awaki sun cinye rabin abin da aka dasa, ƙishirwa ta kashe sauran. Baɗi kuma a sake haƙa ramuka a daidai inda aka haƙa bara. Tun bayan farin 1973 ake wannan hidima, kuma da a ce dukan itatuwan da aka ambata cikin jawabai sun rayu, da yanzu tsakanin Sakkwato da Gashuwa matafiyi ba zai ga rana ba sai ya nema.

Abin da nake so in jawo hankalin mai karatu gare shi shi ne, a cikin waɗannan shekaru da hukumomi suka yi suna shirya bukukuwa, akwai waɗansu mutane marasa ofis, marasa kasafin kuɗi, waɗanda suka yi aikin da ya tsaya. Manoma ne, da matan ƙauye, da yara 'yan makaranta. A ganina lokaci ya yi da ma'aikacin gwamnati zai sauko ya koyi darasi daga gare su, shi kuma ɗalibi ya san cewa wannan yaƙi nasa ne tun kafin ya karɓi takardar shaida.

Bari mu fara da tushen maganar. Fari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. Amma abin da masana ke kira sauyin yanayi wani al'amari ne da ya ɗara wannan. Tun da masana'antu suka soma ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas, iskar kabon da ke fita daga hayaƙinsu ta yi ta taruwa a sararin sama, tana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Kafin zamanin masana'antu yawanta bai wuce kashi 280 cikin miliyan ba, yau ya haura 420. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar cewa shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, har ɗumin duniya ya zarce na wancan zamani da kimanin digiri 1.5 na ma'aunin Selshiyas. Mai karatu zai iya cewa digiri ɗaya da rabi me zai yi? To, ya tambayi wanda ya taɓa jinyar yaro mai zazzaɓi.

Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururin ruwa, ta kuma fi saurin busar da ƙasa. Wannan ne ya sa muke ganin abin da a dā za a ce ba ya haɗuwa, watau fari da ambaliya cikin shekara guda. Ruwa ya makara, ko ya sauka a yi shuka sannan ya ɗauke na mako uku, in ya dawo kuma ya zubo cikin kwana biyu abin da ya kamata ya raba cikin wata guda. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban sashe na Maiduguri. A ƙarshen watan Mayu na 2025 ruwa ya share unguwanni a Mokwa, aka rasa rayuka fiye da 150. A watan Afrilu na 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Tafkin Chadi kuwa, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye da kusan kashi 90 cikin 100 zuwa tsakiyar shekarun 1980, kuma ko da yake ruwa ya ɗan komo daga baya, masunta da makiyaya da manoman yankin ba su sake samun zaman da suka sani ba. Gaskiya ne ba duk laifin ne za a ɗora wa sama ba. Madatsar da ba a gyara ba, da kwatar da aka toshe da leda, da gidan da aka gina a kan hanyar ruwa, duk aikin hannunmu ne. Sauyin yanayi yana zuwa ne ya tarar da bango da tsaga, ƙadangare ya sami wurin shiga.

A nan wani zai ɗaga hannu ya ce, ina ruwan talakan Afirka da wannan ɗawainiya? Nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Waɗanda suka ci moriyar ƙona gawayi shekara 200 suna Turai da Amurka, yanzu kuma Sin ta sha gaban kowa. Me ya sa wani zai ci tuwo, a ce wani ya wanke tukunya? Wannan magana tana da nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. A taron Kopanhagan na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin ba da dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020, ba su cika ba sai a 2022, kuma galibin kuɗin bashi ne. A Baku a 2024 sun sake alkawarin dala biliyan 300 a shekara kafin 2035. Lalle hakkinmu ne mu bi bashin nan, mu matsa har a biya. Amma wanda gobara ta kama ɗakinsa ba ya zama jiran alƙali ya gano wanda ya jefa ashana. Yakan fara ɗibar ruwa, shari'a ta biyo baya. Rairayin da ke binne gonaki a Yusufari da Yunusari ba ya sauraren taron ƙasa da ƙasa.

To, me talaka zai iya? Amsar tana nan kusa da mu, ƙetaren iyaka kaɗan daga Jibiya. A farkon shekarun 1980 gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal. An sare itatuwa, iska tana kwashe ƙasa, manomi yakan yi shuka sau biyu ko uku saboda rairayi na binne tsiro. Shirye-shiryen dashen itatuwa da aka kashe wa kuɗi masu yawa sun ci tura, domin mafi yawan abin da aka dasa mutuwa yake yi. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake gani a gonaki, waɗanda manomi ke sassabewa kowace shekara, tohon kututturan manyan itatuwa ne waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya. Maimakon a sassabe duka a ƙone, sai manomi ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya tsare su. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, itacen ba ya bukatar ban ruwa, kuma girmansa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Mutanen Maraɗi suka sa wa abin suna sassaben zamani.

Da fari an yi wa masu yinsa dariya, ana cewa gonarsu ta ƙazanta. A lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane suka karɓa, amma da rabon ya ƙare da yawa suka koma suka sare itatuwan. Waɗanda suka haƙura su ne suka zama malaman sauran. Maƙwabci ya ga gonar maƙwabcinsa ta daina binnewa, ya ga matar gidan ta daina tafiyar rabin yini neman itacen wuta, ya ga geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili kauri, sai ya kwaikwaya ba tare da wani ya ba shi ko sisi ba. Gawo kuwa, kamar yadda kowane ɗan ƙauye ya sani, yakan zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa amfanin gona rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani. Bayan kimanin shekara 20, masu bincike da suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a dā da na yanzu sun ƙiyasta cewa manoman Maraɗi da Damagaram da kewaye sun farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200.

Mai karatu ya ajiye wannan adadi kusa da wani. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda za ta tashi daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa a ainihin yankin da aka shata hekta miliyan 4 kacal aka gyara. Watau manoman da ba su da komai sai adda da gatari sun yi abin da ya ɗara na ƙasashe 11 da ministocinsu cikin shekara 13. Ba ina nufin shirin ba shi da amfani ba ne. Nijeriya ta kafa masa hukuma ta musamman a 2015, tana aiki a jihohi 11 na bakin hamada, kuma muna fatan ta yi nasara. Abin da nake cewa shi ne, nasararta ta dogara ga fahimtar dalilin da ya sa itacen manomi ke rayuwa na hukuma ke mutuwa.

Dalilin kuwa shi ne mallaka. A ƙarƙashin dokokin da aka gada daga Turawan mulki, itacen da ke gonar mutum na hukuma ne. Malamin daji yana iya cin tarar manomi don ya sare reshen itacen da ya tsiro a gonar kakansa. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai da jami'an gandun daji na Nijar suka sassauta, manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, sannan gonaki suka yi duhu. Daga baya, a 2004, ƙasar ta yi sabuwar dokar gandun daji. Wannan darasi ne da ya kamata kowane babban sakatare da kowane shugaban ƙaramar hukuma ya rubuta ya liƙa a bangon ofishinsa.

Misalan ba su tsaya ga Maraɗi ba. A arewacin Burkina Faso, wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo ya gyara tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka da rani a zuba musu taki, su tara ruwan farko, gara kuma ta buɗe ƙasa ta yadda ruwan zai nutse. Mutanen Tawa suna kiran wannan dabara tassa. Da ita ya mai da faƙo daji, har ya sami babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin a 2018, shekarar da Rinaudo ma ya samu. Ya rasu a watan Disamba na 2023. A Kenya kuwa, Wangari Maathai ta fara ƙungiyarta ta matan ƙauye a 1977 da itatuwa 7, ta kai ga lambar Nobel a 2004. Wata ƙa'ida tata ta isa abin koyi: ana ba mace ɗan lada ne a kan itacen da ya rayu bayan watanni, ba a ranar da ta dasa shi ba.

Yanzu bari in juya gare ku, 'yan makaranta. Wataƙila kun ji labarin Greta Thunberg, yarinya 'yar shekara 15 da ta zauna ita kaɗai da allonta a ƙofar majalisar Suwidin a watan Agusta na 2018, kafin shekara ta zagayo miliyoyin yara a duniya suka bi sahunta. A nan gida Adenike Oladosu ta ɗauki wannan kira, ta mai da hankali ga halin da Tafkin Chadi ke ciki. Amma labarin da na fi so ku riƙe shi ne na ɗaliban shari'a 27 na Jami'ar Kudancin Fasifik da ke Banuwatu, tsibiran da teku ke barazanar cinyewa. A 2019, daga wani aikin aji, suka yanke shawarar a kai batun gaban Kotun Duniya da ke Heg. Suka rubuta wa shugabannin yankinsu, gwamnatin Banuwatu ta karɓa, a watan Maris na 2023 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince, a ranar 23 ga Yuli, 2025, alƙalan kotun baki ɗaya suka bayyana cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe bisa dokar duniya, kuma ƙasar da ta saɓa ana iya neman diyya daga gare ta. Fatawa ce, ba hukuncin da ɗan sanda zai zartar ba. Duk da haka makami ce a hannun ƙasashe irin tamu, kuma alƙalamin ɗalibai ne ya ƙera ta.

Ba na kira gare ku da ku ƙaurace wa aji. A ƙasar da miliyoyin yara ba su ga ƙofar aji ba, wanda ya sami kujera bai kamata ya bar ta ba. Akwai aikin da ya fi dacewa da halinmu. Kowane aji ya ɗauki itatuwa gwargwadon ƙarfinsa, ko da 10 ne, a yi musu shinge da ƙaya, a raba ban ruwa, a rubuta sunan mai kula da kowanne, har da wanda zai riƙe su lokacin dogon hutu. A zaɓi irin da ƙasar ta sani, kamar aduwa, magarya, kuka, tsamiya, bagaruwa, dalbejiya da zogale, a bar kwaɗayin itacen ado mai shan ruwa kamar raƙumi. Kowace makarantar sakandare ta kafa ma'aunin ruwan sama, wanda malamin kimiyya zai iya haɗawa da kwalba da ruler ɗin aji, a riƙa rubuta ranar da ruwa ya sauka da yawansa. Cikin shekara 5 makarantar za ta mallaki ilmin da babu shi a wani ofis. Ɗaliban jami'a masu neman abin da za su rubuta a kundin kammala karatu su je su zauna da tsofaffin garinsu, su rubuta itatuwan da suka ɓace, da fadamun da suka ƙafe, da irin geron da ke nuna da wuri. Idan Hukumar Hasashen Yanayi ta Nijeriya ta fitar da hasashenta na damina a farkon shekara, ɗan makaranta ne ya fi cancanta ya karanta ya fassara wa mahaifinsa, kada ya yi gaggawar shuka da ruwan farko mai yaudara. Kafin damina kuma samarin unguwa su yi gayya su yashe kwatoci.

Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata, hakkin da ke kanmu ya fi nauyi. Doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Faris ta 2015, ta kuma yi Dokar Sauyin Yanayi a 2021. A wannan shekarar Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 700 don gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma bashi ne da jikokinmu za su biya. Abu na farko da ya kamata mu sauya shi ne yadda muke lissafi. Rahoton da ya ce an dasa itatuwa miliyan kaza bai gaya mana komai ba. A koma bayan shekara 2 a ƙirga waɗanda ke tsaye, a buga adadin kowa ya gani, kuma kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai bisa wannan ƙidaya. Na biyu, majalisun jihohi su duba dokokinsu na gandun daji, su rubuta a fili cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne, shi da magadansa, malamin daji ya zama mai koyarwa maimakon mai cin tara. Na uku, a ɗebi manoma daga Katsina da Jigawa da Zamfara a kai su gonakin da sassaben zamani ya kama, su gani da idonsu, su tattauna da takwarorinsu da harshe ɗaya. Gani ya kori ji, kuma kuɗin motar bai kai na taron ƙara wa juna sani guda a otal ba. Na huɗu, a sa makiyaya cikin shawara tun daga farko, domin itacen da aka raina ba tare da yardar mai sanda ba, ganyensa abincin shanu ne kafin Maris. Dagatai da masu unguwanni su ne suka san yadda ake ɗaure irin wannan yarjejeniya.

Sai batun da ake yawan tsallakewa, watau murhu. Ba adalci ba ne a tsaya a kan mumbari ana zagin matar da ke girki da itace ko gawayi, alhali tun daga 2023 tsadar gas da kananzir ta mai da gidaje da yawa, har na ma'aikata, ga murhun duwatsu uku. Muddin tukunya za ta hau wuta, za a sari itace. Abin yi shi ne a yawaita murhu mai tsimin itace, wanda maƙeranmu da maginan tukwane za su iya ƙerawa da arha in an koya musu, a fara da makarantun kwana da gidajen burodi masu cinye itace lodi-lodi. Manomin da ke da itatuwa a gonarsa kuwa, rassan da yake datsewa kowace shekara sun ishe shi girki har ya sayar, ba tare da ya kayar da ko guda ba.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin ƙasashen waje, in ya zo, zai sami amfani ne kawai a inda ya tarar da mutane sun riga sun ɗaura ɗamara. A gonaki da yawa daga Argungu zuwa Geidam akwai saiwoyin kalgo da sabara da gawo suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara suna toho, kowace shekara ana sassabe su. Daminar da ke tafe, a bar musu reshe biyu ko uku. Ɗalibi ya kai labarin gida, malamin gona ya nuna yadda ake datsa, hukuma ta ba da tabbacin cewa ba wanda zai ci tarar mai gona. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu ikon riƙon amanar ƙasar da za mu bar wa na baya.